Alhasan Ibnul Haisam: Daga ɗaki mai duhu zuwa kyamarar wayarka

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp da Facebook, ya zo mini ya fi a ƙirga, mai cewa wai Musulmi ne ya ƙera kyamarar farko a duniya, sunansa Ibnul Haisam, har ma wai kalmar kyamara daga Larabci aka aro ta. Mai turawa yakan ƙara da kabbara a ƙasa. Ni ma ina ƙaunar bawan Allahn nan, shi ya sa na ga gara mu ba da tarihinsa yadda yake. Ya rasu kusan shekara 800 kafin a ɗauki hoton farko a Faransa, kalmar kyamara kuwa ta Latin ce, ma'anarta ɗaki. Abin da ya yi na gaskiya ya fi wannan saƙon nauyi a wurina. Shi ne ya zauna ya tsara tambayar da kowace kyamara ke amsawa duk lokacin da ka danna, wato yaya za a yi kowane ɗigo na abin da ke gabanka ya sauka a mazauninsa shi kaɗai, ba tare da ya cakuɗe da na kusa da shi ba.

Cikakken sunansa Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam. Eh, Alhasan, sunan da babu zangon da za ka shiga ka rasa mai shi. Da littafinsa ya isa Turai sai bakin Turawa ya murɗe sunan ya koma Alhazen, har akwai wani rami a kan wata da aka raɗa wa wannan suna. An haife shi a Basra, kudancin Iraƙi, wajen shekarar 965 Miladiyya, wato 354 Hijiriyya. A lokacin an riga an fassara manyan littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza: lissafin Iƙlidis, falakin Baɗlamus, likitancin Jalinus, falsafar Aristo. Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rubuta tarihin likitoci a ƙarni na 13, ya kawo wani bayani da ya jingina wa Ibnul Haisam, mai nuna cewa tun yana saurayi saɓanin ƙungiyoyi ya dame shi, kowa na riƙe da nasa yana ganin shi ne a kan daidai. Wannan ta sa ya karkata ga irin ilimin da ido zai gani, hankali kuma ya tabbatar.

Labarin da ya fi shahara a rayuwarsa shi ne na Kogin Nilu, kuma Ibnul Ƙifɗi ne ya kawo shi, marubucin da ya rasu a 1248. Abin da ya ruwaito shi ne, Ibnul Haisam yana Iraƙi ya yi da'awar cewa da yana Masar da ya yi wa Nilu wani aiki da zai sa a amfana da ruwansa ko ya cika ko ya ja baya. Ga mutanen Masar wannan zance ne na rai da mutuwa. In ambaliyar shekara ta gaza, yunwa ce. In ta wuce kima, ɓarna ce. Magana ta kai kunnen Halifa Alhakim bi Amrillah na daular Faɗimiyya, sai ya aika masa da kuɗi ya ce ya zo. Da ya iso, halifan da kansa ya fita bayan garin Alƙahira ya tarbe shi.

To, shi Alhakim ba irin sarkin da ake yi wa alkawari a saɓa ba ne. Ya hau mulki a 996 yana ɗan shekara 11. Shi ne ya buɗe Darul Ilmi a 1005, gidan littattafai da kowa ke iya shiga ya yi karatu, amma kuma shi ne ya kashe fadawa da alƙalai da manyan ma'aikatansa masu yawa, ya sa aka karkashe karnukan gari, ya riƙa fitar da dokoki masu ɗaure kai. Har miyar mulukiyya ya hana ci, ganyen nan da muke kira ayoyo ko lalo. Wanda zai hana mutane miyar ayoyo, sai ka auna abin da zai yi wa baƙon da ya ci kuɗinsa ya kasa aiki.

Ibnul Haisam ya ɗauki magina da masu sana'a suka bi kogin suka yi kudu. A hanya ya riƙa ganin gine-ginen mutanen da, irin ƙwarewar da suka nuna wajen sassaƙa dutse da awo, sai jikinsa ya fara sanyi. Ya yi tunanin cewa da aikin nan mai yiwuwa ne, da waɗannan ba su bar shi ba. Da suka kai wurin da ake kira Janadil, kudu da Aswan, inda ruwa ke ratsa duwatsu, ya duba ta kowane ɓangare ya ga abin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Sai ya juyo ya gaya wa halifa ba zai yiwu ba. Ni a nan na fara ganin girman mutumin. Da wani ne, da ya fara haƙa yana jan lokaci, yana karɓar kuɗi, yana addu'ar Allah Ya kawo sauyi. Kuma lissafinsa bai yi ƙarya ba, domin sai a 1902 aka iya gina madatsar ruwa ta farko a Aswan, babbar kuwa sai a 1970 aka kammala ta.

Alhakim ya nuna kamar ya karɓi uzurin, ya ba shi wani muƙami a ofisoshin gwamnati. Ya karɓa don tsoro. Da ya ga yadda kawuna ke faɗuwa a kusa da shi, sai ya ɗauki haukan ƙarya. Aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi a gida, aka sa mai kula da shi. Haka ya zauna har watan Fabrairun 1021, lokacin da Alhakim ya hau jakinsa da dare ya nufi duwatsun Muƙaɗɗam bai sake dawowa ba. Nan take mahaukaci ya warke. A wata ruwayar kuma, tun a Basra ya yi wannan dabara don ya rabu da aikin gwamnati ya samu sukunin karatu. Ko wacce ka ɗauka, halin dai ɗaya ne: mutum ne da ya yarda a kira shi mahaukaci muddin za a ƙyale shi da littattafansa.

Daga nan ya tare a wani ɗaki kusa da ƙofar masallacin Azhar, yana ci da guminsa ta hanyar kwafar littattafai. Ibnul Ƙifɗi ya ce a kowace shekara yakan kwafi littafin Iƙlidis, da babban littafin falaki na Baɗlamus, da wasu littattafan lissafi da ake karantawa a tsakanin biyun, a biya shi dinari 150, shi ke nan abincin shekara ya samu. Har yau akwai kwafin littafin lissafi na Abuluniyus da ya rubuta da hannunsa a shekarar 415 Hijiriyya, yana ajiye a Istanbul. An lissafa masa rubuce-rubuce fiye da 90, sama da 50 sun iso gare mu, ciki har da na gano alƙibla da lissafi, da na hasken wata, da wanda ya tara kurakuran da ya gano a falakin Baɗlamus. Amma gagarabadau a cikinsu shi ne Kitabul Manazir, littafin gani da haske, mai kashi bakwai.

Kafin shi, masana sun shafe fiye da shekara dubu suna gardama kan yadda ido ke gani. Masu lissafi irin su Iƙlidis da Baɗlamus, da Alkindi a cikin Musulmi, sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu, kamar yadda makaho ke lalube da sanda. Mabiya Aristo, ciki har da Ibn Sina wanda suka yi zamani ɗaya da Ibnul Haisam, suka ce a'a, surar abu ce ke shigowa ido. Na farko suna da lissafi mai kyau a kan tushe mara kyau, na biyu suna da gaskiya amma ba su da lissafin da zai tsayar da ita. Ibnul Haisam ya fara da abubuwan da kowa ya sani. In ka kalli rana idonka zai yi zafi. In ka daɗe kana kallon wuri mai haske ka juya ga duhu, za ka ci gaba da ganin tabonsa. Ashe wani abu ne daga waje ke shigowa ya yi wa ido tasiri.

Sai ya koma gwaji, abin da yake kira i'itibari. Ya yi ta leƙe ta cikin bututu miƙaƙƙe, yana toshewa yana buɗewa, har ya tabbatar haske a miƙe yake tafiya, ko na rana ne, ko na wuta, ko wanda ya daki bango ya dawo. Gwajin da ya fi jan hankalina shi ne na fitilu. A jera fitilu da yawa a wurare daban-daban, a gabansu akwai ɗan huji da ya buɗe cikin wuri mai duhu. A bangon da ke fuskantar hujin za ka ga ɗigon haske daidai adadin fitilun, kowanne a kishiyar fitilarsa. Ka rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai zai ɓace. Ka buɗe, ya dawo. Duk haskokin nan ta huji ɗaya suka bi, amma babu wanda ya gauraya da ɗan'uwansa. Da yake layukan sun gitta juna a bakin hujin, na dama yakan koma hagu, na sama ya koma ƙasa.

Ba shi ne ya fara lura da wannan ba. Mutanen Sin sun rubuta shi tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Girkawa ma sun gani. Kai ma ka gani in ka taɓa kwana a ɗakin da rufin kwanonsa ya huje: hujin ƙusa ba lallai ya zama zagayayye ba, amma hasken da ke sauka a ƙasa kullum zagayayye ne, domin hoton rana ne kanta. Waɗanda suka shaida husufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe Akra ɗungurungum da safe sannan ya ratsa Togo da Benin da Najeriya da Nijar da Cadi, in sun duba ƙarƙashin bishiya kafin duhun ya cika, sun ga ɗigogin haske sun koma kamar jinjirin wata. Ibnul Haisam ya rubuta maƙala sukutum a kan wannan siffa ta husufi, ya bi ta da lissafi, ya nuna yadda faɗin huji da nisan bango ke sauya hoton. Huji ƙarami, hoto ya fito sarai amma ba haske. Huji babba, haske ya wadata amma hoto ya narke. Duk mai ɗaukar hoto na yau da wannan cinikin yake fama.

Yanzu ga inda tambayar take. Ya karɓi ra'ayin cewa kowane ɗigo a jikin abu yana watsa haske ta kowace fuska. In haka ne, hasken goshin mutum da na gemunsa da na hularsa duk suna sauka a ko'ina a fuskar idonka lokaci guda. Me ya hana ka ga damammen kunu maimakon fuska? Dole ne a samu tsarin da zai sa ɗigo ɗaya na waje ya dace da ɗigo ɗaya na cikin ido, bisa jeri, na sama a inda ya kamata, na gefe a inda ya kamata. Wannan tunani na ɗigo da ɗigo shi ne babban gadonsa.

Ka juya wayarka ka dubi ɗan idon nan na baya. A can ciki akwai wani ɗan faranti na silikon da bai kai farcen yatsa ba, shi ake kira sensa. An rarraba fuskarsa zuwa ƙananan gidaje a jere, sahu-sahu, kowane gida shi ne fiksel. Kyamara mai megafiksel 12 tana da gidaje 4,000 a tsawo, 3,000 a faɗi, kuma ƙanƙantarsu ta kai a jera gomominsu a kaurin silin gashi guda. Aikin kowane gida ɗaya ne tak. Haske ya faɗo masa, silikon ya mai da shi cajin lantarki, haske mai yawa caji mai yawa, sannan a auna cajin a rubuta shi da lamba. Hoton da kake turawa a ranar suna ko ta Sallah jerin lambobi ne miliyoyi, kowace tana ba da labarin ɗigo ɗaya. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro irin wannan faranti a Amurka a 1969, aka ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ke da fiksel 10,000 kacal, ba launi, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset.

Amma farantin nan in ka bar shi a buɗe ba abin da zai gani sai fari fat, saboda matsalar nan da Ibnul Haisam ya hango. Shi amsar da ya bayar ita ce, cikin dukkan hasken da ke isowa daga ɗigo ɗaya, wanda ya faɗo wa ido a tsaye cak bai karkata ba shi ne ke wucewa da ƙarfinsa, shi ido ke ji, sauran sun raunana. Ya kuma ɗauka cewa ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ke tsakiyar ido ita ce mai jin hasken, ya tsara bayaninsa ta yadda hoto ba zai kife ba, don yana ganin da ya kife da duniya a kife za mu gan ta. A nan bai dace ba, kuma ba laifi mu faɗa. Sai a 1604 Johannes Kepler, Bajamushe, wanda ya yi karatun wannan fanni a kan tafarkin Ibnul Haisam, ya nuna cewa aikin ƙwayar shi ne lanƙwasa haske. Tana tattaro duk hasken da ya bazu daga ɗigo ɗaya ta sake haɗe shi wuri ɗaya a tantanin bayan ido, hoton kuwa a kife yake sauka.

Abin da masu hoto ke kira fokas ke nan. Ƙwayar gilashin kyamara tana tara hasken kowane ɗigo a wani takamaiman nisa a bayanta. In sensa na daidai wurin, hoto ya fito tas. In ta ɗan matso ko ta ɗan ja baya, ɗigon sai ya zama ɗan faifai ya malala cikin gidajen maƙwabta, shi ne kake ganin dishi-dishi. Abu na kusa yana haɗuwa can baya fiye da abu na nesa, don haka dole gilashin ya riƙa matsawa. A waya, ɗan naɗin waya ne da maganaɗisu, irin na cikin lasifika, ke tura shi gaba da baya. Idonmu kuwa siffar ƙwayarsa yake sauyawa, ta kumbura ta lafa, kuma da shekaru suka haura arba'in sai ta fara tauri. Shi ya sa za ka ga dattijo yana miƙar da hannu da Alƙur'ani kafin ya haƙura ya sayi tabarau.

Ta yaya wayar ke sanin inda za ta tsayar da gilashin? Tsohuwar hanya ita ce lalube: ta matsa, ta duba ko bambancin haske da duhu a gefunan abubuwa ya ƙaru, ta sake matsawa, har ta wuce wurin ta dawo. Shi ne ɗan numfashin nan da hoto ke yi a fuskar waya kafin ya tsaya. Sabuwar hanya ta fi wayo. Wasu gidajen sensa suna karɓar haske daga ɓarin dama na gilashin, wasu daga ɓarin hagu, sai a gwada hotunan biyu. In sun hau kan juna, saiti ya yi. In sun goce, girman gocewar da ɓangaren da ta yi su ke gaya wa waya nawa za ta matsa da kuma ta ina. Ka ɗaga yatsa a gaban hancinka ka kalli bango mai nisa, za ka ga yatsa biyu. Ka dawo da ido kansa, ya koma ɗaya. Ibnul Haisam ya yi wannan gwaji da allo da 'yan turaku na kakin zuma da ya jera a kai, yana binciken lokacin da idanu biyu ke ganin abu ɗaya da lokacin da suke ganinsa biyu.

Akwai kuma wani ɓangare na littafin da masu tura saƙo ba su cika ambata ba, alhali ni shi ya fi burge ni. Ya ce abin da ido ke ji da kansa haske ne da launi kawai. Nisa, girma, siffa, motsi, kyau da muni, ya lissafa irinsu 22, sauran duk hankali ne ke hukunta su da ƙiyasi da tuna abin da ya saba gani, cikin saurin da mutum ba ya ma lura ya yi wani tunani. Ya ware kashi guda na littafin kan yadda wannan hukunci ke kuskure. Kyamarar wayarka ma haka take, har ta fi. Gidajen sensa ba su san launi ba, yawan haske kawai suke aunawa. Don haka ake ɗora wa kowane gida ɗan matacin launi, rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976. Gidan da ke ganin ja bai san kore da shuɗin da suka faɗo masa ba, sai kwamfutar wayar ta dubi maƙwabtansa ta yi kirdado. Kashi biyu cikin uku na launin hotonka lissafi ne ya cike shi. In ka ga waya ta ƙara wa amarya hasken fatar da ba nata ba, daga irin wannan hukuncin na bayan fage abin yake farawa.

Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Ibnul Ƙifɗi ya ce ya ga wani littafin lissafi da rubutun hannunsa mai ɗauke da shekarar 432 Hijiriyya, ka ga ke nan alƙalami na hannunsa har ƙarshe. Allah Ya jiƙansa.

Littafin nasa kuwa ya yi tafiya biyu. Wajen shekarar 1200 aka fassara shi zuwa Latin, malaman Turai irin su Roger Bacon da Witelo da John Pecham suka gina karatunsu a kansa, aka koyar da fannin a jami'o'insu. A ƙasashen Musulmi ya yi kusan ƙarni uku ba a samu wanda ya ɗauke shi da gaske ba, sai da Kamaluddin Alfarisi, wanda ya rasu wajen 1319, ya same shi ta hannun malaminsa Ƙuɗbuddin Asshirazi ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir. Alfarisi ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya mai da shi kamar ƙaton ɗigon ruwan sama, ya shiga da shi ɗaki mai duhu, ya saki haske ta huji, da haka ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa. A zamaninmu, Mustafa Nazif na Masar ya fitar da nazari mai juzu'i biyu a kansa a 1942 da 1943, Iraƙi ta sa hotonsa a takardar dinari 10,000, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta tuna da shi a 2015, shekarar da ta keɓe wa haske. Fassarar Latin ɗin an buga ta da injin ɗab'i a birnin Basel tun 1572. Asalin Larabcin, kashi uku na farko, sai a 1983 Abdulhamid Sabra ya fitar da shi a Kuwait.